MAI KALANGU: RAYUWARSA, SANA'ARSA DA MATSAYINSA A KUDANCIN ƘASAR KANO



Gabatarwa

Da aka ce in zo in yi magana a kan kiɗa, na san abin da akasarinku kuke zato, watau za a sake jero sunayen manyan mawaƙa, a yaba fasaharsu, a yi tafi a watse. To, yau ina so mu ɗan leƙa bayan mawaƙi ne, mu dubi mutumin nan da ke tsaye da kalangu a hammata, gumi na tsattsafo masa, wanda in ya ɗaga hannu ya bar bugu, waƙar duk daɗinta sai ta tsaya cik.

Bari in fara da gwaji. In na ce duk wanda ya san Alhaji Mamman Shata ya ɗaga hannu, ba wanda zai rage a wannan zaure. In kuwa na ce wanda ya san sunan mutum ɗaya daga cikin masu buga masa kalangu ya tashi tsaye, ina jin ba za mu sami mutum biyar ba, alhali kowa a nan yana iya gane kiɗan Shata tun kafin ya buɗe baki. Ashe ke nan abin da muke fara ganewa aikin waɗansu mutane ne da ba mu san su ba.

Harshenmu ma ya nuna wannan hali namu. Mutumin da ke kaɗa ganga sunansa makaɗi, ɗan lanƙwasasshen icen da yake bugu da shi kuma sunansa makaɗi. Karin sauti kaɗai ya bambanta su a baki, a rubutun boko kuwa babu bambanci ko kaɗan. Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca shi ne, mai kalangu ma'aji ne na tarihin talakawa, kuma muna gab da rasa abin da ya ajiye mana saboda mun ɗauke shi tamkar sandar da ke hannunsa.

Tambayar wani ɗalibi

Asalin wannan tunani wani ɗalibina ne. Wata rana ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa na waɗansu samarin ƙasar Rasha suna wani kiɗa mai ƙarfi da sauri, mawaƙinsu yana ihu kamar wanda ake bi bashi, a bayansa kuwa ga wani a zaune cikin ganguna da faya-fayen ƙarfe yana bugu da hannu biyu da ƙafa biyu. Ya ce mini sunan wannan kiɗa pank, sa'an nan ya tambaye ni ko mu Hausawa muna da irinsa.

Shi dai kiɗan pank ya ɓullo ne a biranen New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970, a hannun 'ya'yan talakawa da suka gaji da ladabin manya da alkawuran hukuma. Ba ruwansa da ƙawa ko daɗin murya. Da ya shiga Tarayyar Sobiyet sai ya tarar da hukuma mai sa ido a kan kowace kalma. A birnin Leningrad, wanda tun 1991 ya koma tsohon sunansa na Santa Fitasbag, an buɗe wa masu kiɗan zamani wani kulob a 1981, amma ƙarƙashin idon jami'an tsaro, kuma sai an duba kalmomin waƙa an amince kafin a rera ta. A garin Omsk na yankin Saberiya wani saurayi mai suna Yegor Letof ya kafa ƙungiyar kiɗa a 1984. Kafin ƙarshen 1985 hukuma ta tsare shi a asibitin masu taɓin hankali, bai fito ba sai 1986. A 1987 ya zauna a gida ya ɗauki waƙoƙi masu yawa shi kaɗai, shi ne mawaƙi, shi ne kuma mai buga ganguna. Babu kamfanin da zai buga su a faifai, saboda haka a kaset aka riƙa kwafa daga hannu zuwa hannu.

Ƙungiyar da ɗalibin nan ya nuna mini kuwa sunanta Korol i Shut, watau Sarki da Wawansa. Waɗansu abokan makaranta ne suka kafa ta a Leningrad a 1988, cikinsu har da mawaƙi Mikha'il Gorshenef da mai ganguna Aleksanda Shigolef. Shigolef ya yi shekara 25 yana zaune a bayan abokinsa yana riƙe masa kiɗa, har ranar da Gorshenef ya rasu a watan Yuli na 2013. Da mawaƙin ya kwanta dama sai sunan ƙungiyar ya bi shi, sauran makaɗan suka sake sabon suna suka ci gaba da neman abinci.

Da na ji wannan labari sai na ce wa ɗalibin, lalle muna da irinsa, kuma namu ya girmi nasu nesa ba kusa ba. Kiɗan da manya ke ƙyama, talakawa ke so, hukuma ke sa wa ido, a wurinmu kalangu ne. Mutumin da ke ƙare rayuwarsa a bayan wani, in wancan ya mutu a manta da shi, shi ne mai kalangu. Saboda haka mu bar Rasha mu dawo gida.

Ƙasar da kiɗe-kiɗenta

Na zaɓi in tsaya a kudancin ƙasar Kano, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, domin a wannan yanki kusan kowace sana'a ta Bahaushe ta sami wurin zama. Bebeji tsohon garin fatake ne, Agalawa masu safarar goro, a nan aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877. Ƙiru da Tudun Wada ƙasar noma ce mai albarkar dawa da masara da shinkafa da rake. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, matattarar mafarauta ce tun tale-tale. Duwatsun Riruwai kuwa sun jawo leburorin haƙar kuza daga wurare daban-daban a zamanin Turawa, tare da zaman bariki da duk abin da ke biye da shi. Har ila yau wannan yanki ya sha harin Ningawa a ƙarni na 19, lokacin da jin ƙarar ganga da dare ke nufin kowa ya ɗauki kwari da baka.

A ƙasar Hausa kuwa kowace sana'a da abin kiɗanta. Tambari na sarki ne, ba a kaɗa wa kowa sai shi. Kotso da taushi da jauje na makaɗan fada ne, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo masu kotso, da Salihu Jankiɗi mai taushi. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma ce a wurin gayya. Talle na mafarauta ne da 'yan tauri. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne. In an yanka sa a kasuwa, mai kalangu ne zai sanar da gari cewa akwai nama, ya kuma kaɗa wa sarkin fawa takensa. Daga mahauta ya bi 'ya'yansu zuwa fagen dambe, tun da dambe a da wasan rundawa ne. Daga nan ya shiga dandali wurin 'yan mata, ya shiga gidan biki da na suna, har ya zama babu abin kiɗan da ya kai shi yawo a cikin talakawa.

Wannan asali shi ya ja wa kalangu farin jini, shi ya kuma ja masa raini. Wani masanin zaman jama'a, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na 1957 da 1959 cewa a tsarin darajar sana'o'in Hausawa makaɗa da mahauta su ne a can ƙasa. To, ga makaɗi, ga shi kuma makaɗin mahauta. Kun ga raini ya hau kan raini.

Yadda ake zama mai kalangu

Kalangu ice ne da masassaƙi ke fafewa, ya tsuke tsakiyarsa, ya buɗe bakinsa biyu. Akan rufe bakunan da fata mai laushi ta ɗan akuya, a haɗa su da tsirkiya mai yawa daga wannan baki zuwa wancan. Sirrinsa duk yana cikin tsirkiyar nan. In makaɗi ya matse ta da hammata fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya sassauta, sauti ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko sauka ko faɗuwa, sai ya zamana kalangu yana iya bin sawun magana gaɓa bayan gaɓa. Abin da ake nufi ke nan in an ce kalangu yana magana. Jimlar da ake kaɗa wa wani mutum shi kaɗai, wadda in ya ji ya san da shi ake, ita ake kira take. Kirari da baki ake yinsa, take kuwa da fata.

Akasarin masu kalangu 'yan gado ne. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya yana bin mahaifinsa ko kawunsa. Abin da za a fara ba shi kuntuku ne, 'yar ƙaramar ganga mai baki ɗaya, wadda aikinta riƙe bugu ɗaya tak ba sauyi, daga farkon wasa har ƙarshe. Nan ne ake gane mai haƙuri da mai kunne, domin in kuntuku ya yi gaba ko ya yi baya, kiɗa duka ya ɓaci, kuma ranƙwashi ne gyaransa. Bayan shekaru sai a ba shi ƙaramin kalangu ya riƙa karɓa wa babba. Sai ya iya ɗaurin fata da kansa, ya san yadda ake gasa ta a rana ko a gefen wuta in ta yi sanyi, ya kuma haddace taken mutanen gari, kana a bar shi ya ja gaba.

Wannan hadda ita ce ilmin sana'ar. Cikakken mai kalangu ya san taken kowane mahauci da na ubansa da na kakansa. Ya san wanda ya kashe wani a fagen dambe shekara talatin da suka wuce, da gidan da noma ya yi suna, da zuriyar da ta yi ƙaura daga wani gari da dalilin ƙaurar. Tarihin sarakuna yana cikin littattafai da bakin makaɗan fada. Tarihin mahauci da manomi da ɗan dambe kuwa ba wanda ya rubuta shi, a hammatar mai kalangu yake.

Akwai kuma waɗanda ba su gada ba, 'yan haye, waɗanda sha'awa ta ja su. Waɗannan su suka fi shan wuya, domin sau da yawa sai sun saɓa da iyaye, wani ma sai ya bar gari. Shata kansa, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai gaji waƙa ba, kuma mahaifinsa bai so ya shige ta ba.

Shekarar makaɗi da abin da yake samu

Rayuwar mai kalangu a ƙauyukan kudancin Kano tana bin juyin shekara ne. Da damina manomi ne kamar kowa, sai in an kira gayya ya je ya zuga samari. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, kuɗi ya shiga hannun mutane, sai kasuwarsa ta buɗe: bukukuwan aure, dambe, kokawa, wasan dandali a farin wata. Da rani kuwa sai yawon kiɗa, daga wannan kasuwa zuwa waccan, a sauka gidan sarkin fawa ko na sarkin makaɗa, a ci abin da aka samu, a kwana inda dare ya yi.

Ba shi da albashi, ba shi da farashi. Abin da aka ba shi kyauta shi ne nasa: damin hatsi a wurin manomi, tsokar nama a wurin mahauci, riga ko kuɗi a wurin biki. In kuwa yana bin wani mawaƙi ne, to kyautar ba hannunsa take zuwa ba. Mawaƙi ake ba, shi ne uban tafiya, shi zai ɗebi nasa kana ya raba wa yaransa gwargwadon yadda ya ga dama. Wanda Allah ya haɗa da ubangida mai adalci yakan yi aure, ya yi gida, wani har ya sauke farali. Wanda bai dace ba kuwa sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙungiyar Shata masu kalangun su ne kuma 'yan amshi, watau hannu na bugu, hammata na matsa, baki na karɓa, a tsaye, wani lokaci tun bayan lisha har asuba. Ku ma'aikata da kuka san dokar awa takwas, sai ku auna wannan aiki.

Wani abin mamaki a matsayin makaɗi shi ne, ana raina shi ana kuma tsoronsa. Mutumin da ba zai ba shi auren 'yarsa ba, shi ne zai yi rawar jiki ya ba shi kyauta don kada a yi masa zambo ko habaici a bainar jama'a. Rashin darajar nan ita ta ba shi 'yancin da mai daraja ba shi da shi. Wanda aka riga aka ajiye a ƙasa ba ya tsoron faɗuwa, saboda haka yana iya faɗin abin da malami da attajiri da ma'aikaci suke gani su yi shiru. Wannan shi ne inda mai kalangu ya haɗu da samarin Rasha da muka ambata.

Kalangu tsakanin malamai da hukuma

Ƙyamar kiɗa ba yau ta fara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lasafta shagala da kaɗe-kaɗe ba bisa wata manufa ta shari'a ba cikin halayen sarakunan Haɓe da ya soka, ya kuma nuna cewa akwai wuraren da ake kaɗa ganga don amfani, kamar tara runduna da sanar da tashinta ko saukarta. Tun daga lokacin makaɗin ƙasar Hausa yake zaune tsakanin buƙatar jama'a da hukuncin malamai. Ana kiransa ran biki, ana yi masa wa'azi ran Juma'a.

Cikin wannan matsi ne kalangu ya fitar da mutanen da suka fi kowa ƙarfin hali a waƙar Hausa. Shata ya ɗauki kiɗan dandali da na mahauta ya shiga da shi gaban sarakuna da gwamnoni, ya yi wa direbobi waƙa, ya yi wa mashaya, ya yi wa kansa kirari a Bakandamiya, ya kuma yi zambon da har yau ake jin tsoron irinsa. A ƙarshe Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999, aka rufe shi a Daura. Muhammadu Bawa Ɗan'anace na ƙasar Sakkwato ya ɗaukaka 'yan dambe irin su Shago da kalangu. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Wanda ya kai abin maƙura kuwa shi ne Muhammadu Gambu, mutumin Fagada ta ƙasar Gwandu, cikin jihar Kebbi ta yanzu, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi. Kamar na Letof, kaset ne ya fi yaɗa waƙoƙinsa, a tasha da kasuwa da cikin motocin haya. A ƙarshen rayuwarsa ya bayyana cewa ya bar waƙar ɓarayi, ya rasu a 2016.

A nan wajibi ne in faɗi ra'ayina ƙarara, kada a tashi a ce na zo jami'a na yabi sata. Bijirewa iri biyu ce. Akwai ta wanda ya ga zalunci ya ƙi yin shiru, akwai ta wanda ke zuga mai cutar jama'a. Mutanen Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suka ga abin da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka yi a dajin Falgore wajen 2015 da 2016, ba sa bukatar in gaya musu cewa yabon ɓarawo ba abin wasa ba ne. Mun kuma ga yadda a 'yan shekarun nan waƙoƙin yabon 'yan bindiga suka riƙa yawo a wayoyi. Wannan ɓarna ce, sunanta ke nan. Amma fa mai nazari ba ya rufe kunne. Ni a nawa karatun, waƙoƙin Gambu suna tilasta wa mai sauraro ya tambayi kansa dalilin da ya sa ake jifan wanda ya saci akuya, a tashi tsaye a gai da ɓarawon biro. Wannan tambaya, ya ku ma'aikata, da mu take.

Hukuma ma ba ta daina sa ido ba. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a shekara ta 2000, an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, aka kuma ba Hisba doka a 2003. A 2009 an haramta waɗansu waƙoƙi, har aka tsare mawaƙi Aminu Ala na ɗan lokaci. A irin wannan hali sunan mawaƙi ake ji a rediyo, shi ake nema wa lauya. Makaɗin ƙauye kuwa in an hana wasa, ba wanda ke tambayar abin da iyalinsa suka ci a daren.

Sauyin zamani

Duk da haka, in an bi diddigi, abin da ya fi kassara mai kalangu sauyin hanyar neman abinci ne da shigowar na'ura. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, ta kawo noman rani, ta sauya lokacin aiki da na hutu a wurare da yawa. Garmar shanu da tarakta da maganin feshi sun rage bukatar gayya, wanda ke da hali kuma sai ya ɗauki 'yan ƙwadago ya biya su. Inda babu gayya babu gangar noma. Mahauci ya sami lasifika da waya, ba ya jiran kalangu ya sanar da nama.

Sa'an nan daga shekarun 1990, da fina-finan Hausa suka bunƙasa a Kano, sai fiyano ya shigo. Yaro ɗaya a ɗakin ɗaukar waƙa yana iya fitar da sautin ganguna goma da yatsunsa. A gidan biki kuwa mai sa faifai ya maye gurbin ƙungiya guda. Mawaƙi ya tsira, domin har yanzu ana bukatar muryarsa. Wanda na'ura ta kora shi ne na bayansa. Fagen dambe ne babban wurin da ya rage wa kalangu, domin har gobe ɗan dambe ba ya tsuma sai ya ji takensa daga fata.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ba na kuka da fiyano, kuma ba na cewa a mayar da matasa gayya. Abin da ke damuna shi ne, na'ura tana iya kwaikwayon sautin kalangu, amma ba ta san taken kowa ba.

Laifina

Bari in ba ku labarin kaina, don kada ku ce ina ɗora wa wasu laifi. A wani ƙauye na ƙasar Ƙiru inda dangin mahaifiyata suke, akwai wani dattijo mai kalangu da na sani tun ina yaro. Duk ran da na je gaishe da kakata, in ya hango ni sai ya ɗauko kalangu ya kaɗa wani take, tsofaffin gidan su yi ta murmushi. Da na tambaya aka ce taken kakan mahaifiyata ne, wanda ko hotonsa babu. Na yi ta cewa zan zo da rakoda in zauna da shi. Karatu ya hana, aiki ya hana, aka shekara, aka sake shekara. Ran da na je da niyyar ɗauka, sai na tarar an yi sadakar arba'in ɗinsa. Ɗansa, wanda haya yake yi da babur, ya shigar da ni zaure ya nuna mini kalangun a rataye, fata ta tsage, gara ta fara cin icen. Na roƙe shi ya kaɗa mini taken nan ko a kan ƙwarya ne. Ya ce wallahi bai riƙe ba. Ni ma ban riƙe ba. Da rasuwar mutum ɗaya, sunan kakanmu da na kakannin gari guda suka tafi.

Kammalawa

Jama'a, ban zo don a yi juyayi kawai ba. Akwai aikin da za a iya yi, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Ku ɗalibai, musamman 'yan asalin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kowannenku yana da na'urar ɗaukar magana a aljihunsa, wadda ta fi duk abin da David Ames da Anthony King suka riƙe sa'ad da suka tattara kalmomin kiɗan Hausa suka buga a 1971. In kun je hutu, ku nemi tsohon makaɗin garinku. Ku gaishe shi da ladabi, ku kira shi baba, ku riƙa masa goro. Ku tambayi sunansa da na wanda ya koya masa, da garuruwan da ya je, da mawaƙan da ya bi. Ku sa ya kaɗa kowane take, ya faɗi mai shi, ya fassara abin da fata ke cewa. Ku rubuta rana da wuri. In lokacin rubuta kundin digiri ya zo, ku tuna an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan manyan mawaƙa, filin makaɗa kuwa yana nan da sauran saura.

Ku malaman jami'a, ya kamata sassan Hausa da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero su tanadi wurin ajiye irin waɗannan ɗauke-ɗauke, a tsara su gari-gari, yadda jikan makaɗi zai iya zuwa ya ji hannun kakansa.

Ku ma'aikatan ƙananan hukumomi da na Hukumar Tarihi da Al'adu, ku ne kuke gayyato makaɗa in za a yi baƙi. Ku rubuta sunan kowane mai bugu a takardar shiri tare da na mawaƙi. In za a biya, ku tabbata haƙƙin kowa ya kai hannunsa. In za a hana wani wasa saboda wata ɓarna, a hana ɓarnar, a bar wa mutum hanyar cin abincinsa.

Ɗalibin nan da ya nuna mini makaɗin Rasha, cikin minti biyu ya samo mini sunansa da shekarar da ya fara kiɗa da ƙungiyoyin da ya zauna, domin mutanensa sun rubuta. Ni kuwa na kasa samo take ɗaya a garin kakannina. Fatana shi ne nan da 'yan shekaru, in wani ya tsaya a wannan wuri ya ce wa ya san sunan mai kalangun garinsu, a ga hannuwa sun tashi.

Shugaba, a nan zan dasa aya.  Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuma ina jiran gyara daga malamaina.